Daga Garmar Shanu Zuwa Injin Ban Ruwa: Waiwaye A Kan Kayan Noman Zamani



Mu da muke zaune a nan Ibadan muna cinikin hatsi da kayan gwari da dabbobi, yawancinmu ba mu da ko kunya ɗaya ta gona a garin nan, amma duk da haka abincinmu a hannun manomi yake. In damina ta yi kyau a Funtuwa, a kasuwar Bodija ake fara ganin alama. In tumatir ya lalace a Kadawa, kafin mako ya zagayo mun ji a aljihunmu. Tun da aka kafa Sabo a 1916 haka abin yake, abin da aka noma ko aka kiwata a gida shi ne jarinmu a nan.

Ban da wannan kuma, babu ɗayanmu da ba shi da wani a gida mai jiran aike. Da can saƙon da kan zo shi ne a taimaka da kuɗin taki ko na ƙodago. Yanzu saƙon ya sake, sai ka ji ƙane ya bugo waya yana cewa, "Yaya, a dubi Allah a saya mana inji." To wane inji? Kuɗin da muke aikawa da gumi muka same su, bai kamata su je su zama tsatsa a bayan rumbu ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi waiwaye, wanda aka ce adon tafiya ne, mu ga kayan noman da suka shigo ƙasarmu tun zamanin Turawa, wanne ya zauna, wanne ya watse, kuma mene ne dalili.

Zuwan garmar shanu

Kakanninmu da fartanya da garmar hannu da sungumi da lauje suka yi noma. Ƙarfin gida shi ne yawan mazan da ke cikin gandu, in aiki ya fi ƙarfinsu a kira gayya. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka buɗe cinikin gyaɗa, sai manomi ya samu dalilin faɗaɗa gona, amma hannunsa biyu ne dai kamar da.

A 1922 aka fara aikin binciken noma a Samaru ta Zariya, wurin da daga baya ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ma'aikatan gona na wancan lokaci suka fito da shirin haɗa noma da kiwo, watau manomi ya ajiye bijimai biyu su ja masa garma, su kuma ba shi taki. A 1928 da aka fara, mutum uku ne kacal suka shiga. Mutane suna ɗari-ɗari, don a al'adarmu saniya ta nono ce da nama, ba a saba ganinta da karkiya a wuya ba. Masu sarauta da masu hali su ne suka fara gwadawa, talakawa suna kallo daga gefe. Amma kafin tsakiyar shekarun 1960 masu garmar shanu a Arewa sun haura dubu talatin, yau kuwa babu mai iya ƙirga su.

Ya kamata mu lura da yadda aka tafiyar da abin. Ba a miƙa wa mutum shanu da garma a ce ya je Allah ya ba da sa'a. Sai an koya masa yadda ake horar da bijimi, da yadda ake riƙe garma kunya ta miƙe, da yadda ake tara harawa da karmami don rani, da yadda ake tara taki a turke a kai gona. Rance ne daga baitulmalin En'e, ana biya sannu a hankali bayan an sayar da gyaɗa ko auduga. Malamin gona yana zagayowa yana duba lafiyar shanun.

Riba kuwa ta fito ta hanyoyi da yawa. Ƙadadar da ƙato zai yi kwanaki yana huɗa da hannu, shanu biyu kan gama ta a yini guda, saboda haka mutum ya samu shuka da ruwan farko. In ya gama tasa ya yi wa maƙwabta huɗa su biya shi. Da rani ya ɗaura amalanke ya yi dakon taki da itace da ƙasar gini. Bayan 'yan shekaru ya turke bijiman su yi ƙiba ya sayar, ya sayi ƙanana, ya ci ribar da ke tsakani. Da yawa daga cikin manyan bijiman da ake saukewa a kararmu ta nan Kudu, tsofaffin shanun huɗa ne. Daɗin daɗawa, in bakin garma ya cinye, maƙerin ƙauye ne ke ƙera wani. Garmar da ake kira Emcot, wadda ta cika ƙasar Kano da Katsina da Zariya da Gombe, maƙeranmu sun daɗe da koyon gyara ta da ƙera irinta.

Abin da ya faru a Mokwa

Duk wanda ya bi mota daga nan zuwa gida ya san Mokwa, bayan an haye gadar Jebba. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a nan aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen noma da tarakta a ƙasar nan.

A 1949 wani kamfanin gwamnatin Ingila mai kula da raya ƙasashen da ke ƙarƙashinta ya haɗa jari da gwamnatin Nijeriya, aka share daji mai yawa a yankin Mokwa, aka gina sababbin ƙauyuka, aka nemo mutane su zo su zauna. Sun ɗauko tsarin ne daga noman Jazira na ƙasar Sudan. Kamfani zai yi kaftu da tarakta, ya ba da iri, shi kuma manomi ya kula da eka 24 na gyaɗa da dawa a damina guda. In an yi girbi kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku, manomi ya ɗauki kashi ɗaya.

A takarda abin ya yi kyau, a gona kuwa sai ya ƙi. Tarakta ta iya kaftu, amma ba ta cire ciyawa, ba ta tsinke gyaɗa. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san mutum da iyalinsa ba za su iya noman farko da maimai a eka 24 ba kafin ciyawa ta shanye shuka. Ga saiwoyin itatuwa a ƙasa suna karya ƙarafa, ga kayan gyara sai an jira jirgin ruwa daga Ingila. Mutanen yankin kuma ba su rasa ƙasar noma ba, don haka ba su ga dalilin barin gonakinsu su zo su yi wa kamfani wahala a kan kashi ɗaya cikin uku ba. A 1954 kamfanin ya janye bayan asara mai yawa.

Darasin Mokwa a fili yake. Noma sarƙa ce, daga sharar gona har zuwa rumbu. In inji ya saukaka maka gaɓa ɗaya ya bar sauran, to ya ƙara maka aiki ne kawai. Sa'an nan manomin da ba shi da ta cewa a gonar da yake aiki, ba zai ba ta zuciyarsa ba.

Zamanin kuɗin mai

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da kuma kuɗin man fetur da suka shigo, gwamnatoci sun zuba dukiya a harkar noma. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, a 1980 ta Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin bunƙasa noma. An shigo da taraktoci masu yawa, an kafa wurin harhaɗa Steyr a Bauci da na Fiat a Kano. Jihohi suka buɗe sassan ba da hayar tarakta a farashi mai rangwame.

Waɗanda suka kai shekarunmu suna tune da yadda abin ya kasance a ƙauyuka. Ƙaramin manomi ya biya kuɗin haya tun kafin ruwa ya sauka, ya zauna jira. Tarakta ɗaya ce, masu nema ɗari, kuma kowa a mako guda yake bukatarta. Sai ta fara da gonakin manya, kafin ta iso kan talaka lokacin shuka ya wuce. Gonar talakan kuma ba wuri ɗaya take ba, gado ya rarraba ta, rabin eka nan, eka ɗaya can, ga itatuwan ɗorawa da kuka a tsakiya. Direba ya fi ɓata mai wajen juyawa da tafiya tsakanin gonaki fiye da wajen aikin kansa.

Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tsadar da ba a iya saye. Tarakta takan tsaya saboda ƙaramin ƙarfe guda, a ciro na wata a sa mata, har a wayi gari duka biyun sun mutu. Mun sha ganinsu jere a harabar ma'aikatu, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. A daidai wannan lokaci mai garmar shanu yana can yana huɗarsa bai fasa ba.

Kada a ce muna kushe tarakta. Inda gona ke da faɗi, kuma mai ita ɗan kasuwa ne da ya san in ta kwana ba aiki shi ya yi asara, tana biyan kanta har ta ba da riba. Abin da ya kashe na wancan zamani shi ne rashin mai su, da rashin makanike, da rashin tsarin layi na gaskiya.

Masara da malamin gona

Wani abin da ya fi tarakta tasiri a wancan lokaci bai yi ƙara irin tata ba. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya. Aikinsu shi ne hanyoyin karkara, da rumfunan sayar da taki da iri kusa da manomi, da kuma malaman gona masu yawa da ke shiga ƙauye bisa babur.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Cibiyar binciken noma ta IITA da aka kafa a 1967 tana nan Ibadan a kan hanyar Oyo, muna wuce ƙofarta kullum. Daga cikinta aka fitar da irin farar masarar da ake kira TZB, wadda ta karɓi ƙasar Arewa. Kafin wannan, masara a wurinmu abar bayan gida ce, a gasa a ci da ɗanyenta kafin gero ya nuna. Da iri ya haɗu da takin zamani da malamin da zai nuna yadda ake sa shi, sai ƙasar Funtuwa da Zariya da Saminaka ta koma gidan masara. Irin da ya tashi daga Ibadan a cikin 'yar jaka, shi ne ya dawo mana a tirela, masu kiwon kaji na ƙasar Yarabawa suna layi a kansa.

A 1992 shirin Sasakawa ya shigo Nijeriya, ya fara da yankin Kano da Kaduna. Wani attajirin Japan mai suna Ryoichi Sasakawa ne ya kafa shi a 1986, tare da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. Su ba su kawo inji ko ɗaya ba da farko. Abin da suka yi shi ne a yanki kwatar hekta a gonar manomi, shi da kansa ya yi aikin, malami yana tsaye. A yi tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami, a tona a binne taki maimakon a watsa shi rana da ruwa su tafi da shi. Dattawa suka yi dariyar ƙwaya ɗaya a rami. Da kaka ta yi aka auna, gonar gwaji ta ninka ta gefenta, wani wurin har fiye da haka. Tun daga nan maƙwabta suka riƙa leƙowa suna kwaikwayo, har yau kuma a ƙauyuka da yawa ana kiran wannan tsari shukar Sasakawa.

Daga jigo zuwa inji

In ana maganar injin da ya sauya rayuwar ƙaramin manomi, to babu kamar injin ban ruwa. Mu masu kayan gwari shaida ne.

Da can mai lambu da jigo yake ban ruwa. Ya tsaya bakin rafi tun asuba yana tsoma guga yana juyewa, ruwa na bin 'yar hanya zuwa fangali. Duk ƙarfin mutum, ɗan wurin da zai iya shayarwa kaɗan ne, in rafi ya janye kuma shi ke nan. Saboda haka da an gama girbi samari sai su ɗaure kaya su fito ci-rani, da yawa daga cikin iyayenmu ma ta haka suka fara zuwa garin nan.

Manyan madatsun ruwa irin na Tiga, wanda aka gama a 1974, sun buɗe noman rani a Kadawa da Kura. Amma wanda ba ya kusa da babbar hanyar ruwa bai amfana ba. A shekarun 1980 ne hukumomin raya noma na Kano da Bauci da Sakkwato suka yaɗa ƙaramin injin fetur wanda mutum ɗaya kan ɗora a keke ko babur, tare da dabarar kafa 'yar rijiyar bututu a cikin fadama, inda ruwa ke kusa da sama. A 1993 aka fara shirin Fadama na ƙasa baki ɗaya, wasu kashi biyu suka biyo bayansa.

Me ya sa wannan ya zauna? Kuɗinsa bai fi ƙarfin mutum ɗaya ko 'yan'uwa biyu ba. Na mai shi ne, ba ya jiran sa hannun kowa kafin ya tayar. Cikinsa kusan irin na babur ne, don haka mai gyaran babur a kasuwar ƙauye ya iya shi. An kuma koya wa samarin gari haƙa rijiyar, ta zama musu sana'a. Mutum ya samu girbi biyu ko uku a shekara, ya samu kuɗi a hannu a watannin da a da babu abin yi sai zaman dandali. Yawan tumatir da albasa da attaruhu da tattasai da ake saukewa a Shasha da Mile 12 ta Ikko da rani, wannan ɗan inji ne tushensa.

Bayan girbi

Akwai kuma injinan da ba a cika yi musu kirari ba, alhali sun sauke wa mata nauyi mai yawa. Injin niƙa ya rage daka da niƙan dutse. Injin sussukar masara da na casar shinkafa da na ɓarar gyaɗa, waɗanda masu walda a garuruwanmu ke ƙerawa, sun mai da aikin mako ya koma na yini. Gaskiya ne wasu matan da ke samun abin sabulu ta hanyar surfe da sussuka sun rasa wannan kafa, amma inda ƙungiyar mata ta mallaki injin da kanta, kuɗin a hannunsu yake tsayawa.

Sai dai a nan ne rashin ilmi ya fi yi mana ɓarna, kuma mu 'yan kasuwa muna da hannu a ciki. Injin feshi na goyo ya warware matsalar ciyawar da ta kayar da Mokwa, amma sau nawa muka ga yaro na feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, yana auna magani da ido? Haka nan wake. Don tsoron ƙwari, wasu na zuba masa maganin da ba a yi shi don abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. A nan gida kuma duk ranar da aka yi jita-jitar wake mai guba, kasuwar kowa ce ke faɗuwa, da mai laifi da marar laifi. Alhali tun wajen 2007 masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗa buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane ruɓi dam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Amma wanda ba a nuna masa yadda ake ɗaurewa ba, ko ya bar leda ta huje, zai ce buhun ƙarya ne.

Inda muke yau

Abubuwa biyu sun sake lissafi a 'yan shekarun nan. Na farko satar shanu da rashin tsaro a sassan Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato, wanda ya sa ajiye bijimai ya zama kasada a wurare da yawa. Wannan ya sa mutane suka koma neman ƙaramin injin huɗa mai ƙafa biyu da ake bi a baya ana riƙe da shi. Na biyu cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa bayan nan. Masu lambu da yawa sun juya injinansu zuwa gas, wasu sun koma injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda ke da tsadar saye amma ba ya shan mai.

To 'yan'uwa, ga abin da muka tsinta a wannan tarihi. Kafin ka aika da kuɗin inji, tambayi abu huɗu. Shin girmansa ya yi daidai da gonar da za a yi aiki da shi? Akwai mai gyaransa da kayan gyaransa a kasuwar da ta fi kusa? Wane ne takamaimai mai shi, wanda zai ji zafi in ya lalace? Wa zai koya wa yaron da zai riƙe shi, kuma ka ware kuɗin koyon? Akwai wasu 'yan'uwanmu 'yan gari ɗaya da suka taɓa yin karo-karo suka sayi tsohuwar tarakta suka aika gida, ba su tsai da wanda zai riƙe lissafi ba, ba su tanadi kuɗin gyara ba. Damina biyu ta yi ta tsaya, abin da ya rage sai zargin juna tsakanin dangi. Da kuɗin nan injinan ban ruwa aka saya aka raba wa mutum goma, kowa da sunansa, da labari ya sha bamban.

Ku dubi samarin da ake saukewa daga bayan tirela kowane mako, suna neman babur na haya ko turin baro. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, kuma ba gonar suka ƙi ba, wahalar fartanya da zaman rani babu kuɗi ne suka koro su. In ɗayanmu ya ɗauki nauyin ƙanensa ya koyi gyaran injin ban ruwa, ko haɗa na hasken rana, ko tuƙa injin huɗa, ya ba shi jarin da ba ya ƙarewa, ya kuma gyara hanyar kayan da shi kansa zai saya gobe.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, waɗanda suka taɓa sayen irin waɗannan kaya su zo su faɗi abin da suka gani, daɗi da wuya, don na baya su amfana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.